Tukuna da Babur ɗin Surukinsa

Masu babur ne suka sa masa suna Tukuna, sunan kuma ya bi shi har gida. Duk wanda ya turo masa babur ya ce, "Baba, a canza min kafireta," amsar da zai samu ke nan: "Tukuna." In ka ce a sa maka sabon fulogi, tukuna. In ka ce sauri kake yi, sai ya nuna maka benci da haɓa, ya ci gaba da abin da yake yi. Matarsa ma in tana son tsokana da sunan take kiransa, shi kuwa ya amsa ko a jikinsa.

Wurin aikinsa rumfar kwano ce a bakin titi, jingine da katangar wani shagon kayan gini. Babu komai a ciki sai bencin nan, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da wani tsohon kwanon silba da yake wanke kafireta a ciki. Akwai kuma farin ƙyalle, ko dai a ce ƙyallen da ya taɓa zama fari, wanda yake shimfiɗawa kafin ya kwance ko da noti ɗaya. Duk abin da ya cire a kai yake jerawa, daga hagu zuwa dama, in ya zo mayarwa ya faro daga dama. Dab da shi akwai mai facin taya, sa'ansa ne, tare suka yi furfura a bakin titin nan. Mai faci bakinsa ba ya hutawa, Tukuna kuwa sai ya wuni bai yi doguwar magana ba. Wataƙila shi ya sa zaman nasu ya daɗe.

Da keke ya fara yana saurayi, gyaran birki da sarƙa. Lokacin da babura suka fara yawa a gari, sai ya sayi wani mataccen inji a wurin masu tsofaffin ƙarafa, ya kai ɗakinsa. Ya kwance, ya ɗaure, ya sake kwancewa, har hannunsa ya san kowane ƙarfe ko da idonsa a rufe yake. Ranar da injin ya tashi a tsakar gida kaji suka watse, mahaifiyarsa ta ce ya fitar mata da abin nan waje. Da ya fitar, bai sake komawa kan keke ba. Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina ɗakunansa, ya aurar da 'ya'yansa. Yanzu ido ya ɗan rage, sai da tabarau yake ganin ƙananan abubuwa, amma hannu da kunne suna nan yadda suke.

Abin da ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. Inji, in ji shi, abu uku yake ci: mai, iska, wuta. Kafireta ita ce mai girkin, ita ke haɗa mai da iska daidai gwargwado ta tura ciki. In mai ya yi yawa, babur ya yi nauyi, ya riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. In mai ya yi kaɗan, babur ya riƙa shaƙewa, ya yi zafi, salansa, bututun hayaƙi, ta riƙa harbi in an saki totur, wato hannun ba da wuta, fulogi kuwa ya fito fari fat. Lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa yake. Sauran aikin sanin inda ciwon yake zaune ne. A cikin kafireta akwai jet, wasu 'yan ƙarafa masu huda kamar ta allura, ta nan mai ke bi ya fita. Babur ɗin da ke sarƙewa da zarar an taɓa totur, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe. Wanda ke tafiya lafiya sai an buɗe masa wuta duka sannan ya yi in-ina, a duba babban.

Amma duk wannan bayan tambaya yake zuwa. Tukuna ba ya ɗaukar sifana sai ya tatsi mai babur tas. "Da safe yake yi ko da rana? Da sanyin inji ko sai ya ɗau zafi? A hawa ko a gangara? Kai kaɗai ko da kaya? Ina ka sha mai jiya? Wa ya taɓa shi kafin ni?" Wannan ta ƙarshe ita ce mutane ba sa so. Sai mutum ya ce babu kowa, Tukuna ya dubi kan sukurun da aka cinye da sukundireba, ya dube shi, ya yi shiru. Shirun ne ke fito da gaskiya.

An taɓa kawo masa babur ɗin wani tela, wanda aka canza wa kafireta sabuwa dal amma bai daina tari ba. Tukuna ya yi ta tambaya har ya kai ga inda babur ke kwana. Ashe ƙarƙashin indararo tela ke jingine shi, in an yi ruwa ya tsiyaya ta murfin tanki ya taru a ƙasa. Ya zubar da ruwan, ya ce wa tela ya matsar da babur ɗinsa gaba kaɗan. Gyaran ke nan. Tun daga ranar mai faci kan ce wa masu jira a benci, "Ku yi haƙuri da shi, alƙali ne ya rasa kotu."

To, mutum ɗaya ne a duniya Tukuna bai iya yi wa irin wannan tambaya ba, shi ne mijin autarsa.

Surukin nasa mai raba burodi ne. Kullum da sassafe yake zuwa gidan burodi, a cika masa babban akwatin katako da ke ɗaure a bayan babur, ragowar kuma a zuba a jaka ya ɗora a kan tanki tsakanin hannayensa. Daga nan ya bi shaguna yana saukewa, har can ƙarshen gari, bayan gada, inda wani mai shayi ke da babban tebur a ƙofar masana'anta. Wannan mai shayi shi ne babban cinikin layin, kuma dole burodinsa ya iso kafin ma'aikata su shiga aiki. In sun shige, ko ya iso bai yi amfani ba.

Mutum ne mai kunya, surukin nan, ga tsabta har ta yi yawa. In zai zo gareji, tun daga nesa yake kashe babur ya turo shi da hannu, ya durƙusa ya gai da Tukuna kansa a ƙasa. Tukuna ma nauyinsa yake ji. In gaisuwa ta ƙare, magana ta ƙare.

Ranar da ya fara kawo babur ɗin da hantsi ne, bayan ya gama rabo. An wanke shi fes, har taya tana ƙyalli.

"Me yake yi?" in ji Tukuna, idonsa a kan injin.

"Ɗan shaƙewa ne, Baba. Ba wani abu ba ne."

"To."

Da wani ne, da a nan aka buɗe shari'a. Amma Tukuna ya dubi mutum a durƙushe yana wasa da makulli, ya ji ba zai iya tsare mijin 'yarsa da tambaya kamar wanda aka kama da akuyar mutane ba. Ya ce a ransa injin zai faɗa masa da kansa. Ya tada shi, ya bar shi yana ruri a tsaye, murya daidai. Ya murza totur a hankali, ya murza da ƙarfi, babur ya amsa ba gardama. Ya cire fulogi, ya ga ya ɗan yi fari, alamar wani lokaci yana jin yunwar mai. Sai ya shimfiɗa ƙyalle, ya kwance kafireta, ya wanke ta a kwanon silba, ya ɗaga kowane jet ga rana har ya ga haske ya ratsa. Ya sami ɗan datti a gindin ƙoƙon da mai ke taruwa, ba mai yawa ba, amma ya ce wataƙila shi ne. Ya mayar da komai, ya hau ya zaga layi ya dawo.

"Je ka gwada."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ba a daɗe ba sai ga shi ya sake turo shi, a wanke kamar wancan karo.

"Yana ɗan yi har yanzu, Baba."

Wannan karon Tukuna ya bi hanyar mai tun daga sama. Ya buɗe tanki ya haska, babu tsatsa. Ya sa murfin a baki ya hura, 'yar hudar da iska ke shiga a buɗe take. Ya ga robar murfin ta tsufa, amma tsufan roba ba ya hana mai sauka, sai ya wuce. Ya zare tiyo daga kafireta ya buɗe famfon tanki, mai ya zubo da ƙarfinsa. Ya tara a kwalba ya ɗaga, babu ruwa a ƙasa. Ya duba fulot, abin nan da ke yawo a kan mai yana rufe hanya in ƙoƙo ya cika, bai huje ba, tsayinsa daidai. Ya ɗiga fetur a kan robar da ta haɗa kafireta da inji yana saurare, don in ta tsage tana satar iska, muryar injin za ta canza. Ba ta canza ba. Ya wanke soson iska. Ya gwada wuta, shuɗiya ce mai ƙarfi. Babur lafiyayye ne, in dai a gabansa ne.

Da surukin ya tura abinsa ya yi nisa ya hau, mai faci ya ɗago daga bahon da yake neman huda.

"Babur ɗin nan halin mai shi ya ɗauko. In ya ga suruki sai ya natsu."

"Kai dai ji da iskarka," in ji Tukuna.

"Ina ji da ita. Amma yau alƙali bai yi tambaya ba, na lura."

Tukuna ya ninke ƙyallensa.

Abin bai fito fili ba sai wata yamma da Auta ta zo gida da goyonta. Tukuna na zaune a ƙofar ɗaki yana wanke hannu da toka da sabulu. Ta gaishe shi, ta wuce wurin uwarta ta zauna. Da uwar take magana, amma ta ɗaga murya daidai yadda uban zai ji.

"Mama, ni dai ban san yadda za a yi ba. Mai gidan burodi ya ce in mai shayin bayan gada ya sake kawo ƙara, layin zai ba wani mai babur mai ƙafa uku. Ya ce gobe ce ta ƙarshe."

"Auta," in ji Tukuna, "zo nan. Wace ƙara?"

Ta zo ta tsuguna. "Makara, Baba. Kullum sai babur ya mutu masa a hanya. Ya tsaya ya jira, ya tashi, ya yi gaba kaɗan, ya sake mutuwa. Yau sai da ma'aikata suka shige ya isa."

"Mutuwa yake yi? Ce min ya yi ɗan shaƙewa ne."

"Ai ka san shi. Ya ce ba zai iya duban idonka ya ce gyaranka bai yi ba. Ya so ya kai wa wani a ɓoye, sai kuma ya ce in ka ji ba za ka ji daɗi ba."

Matar Tukuna ta aje tsintsiyar da ke hannunta. "Kai da shi duk ɗaya kuke. Wannan na jin nauyin wancan, wancan na jin nauyin wannan, a tsakani tukunyar yarinya za ta bushe."

Tukuna ya ɗauraye hannu, ya zauna yana juya abin. A gabansa babur lafiya, a hanya mutuwa. Me ya raba su? Shi da hantsi yake ganinsa, babu kaya, a wanke, kuma iyakarsa zagayen layi. Bai taɓa ganin babur ɗin nan a bakin aikinsa ba. Da ya kai nan sai ransa ya kwanta, don ya san ciwon da ke zuwa kullum a lokaci ɗaya ba ya iya ɓuya, in dai an je an tare shi.

"Ki ce masa gobe zan same shi a gidan burodi. Kada ya wanke komai, kada ya gyara komai. Ya yi yadda ya saba."

"Baba, zai ji nauyi."

"Ya ji. Ni ma ina ji."

Gari na fara haske ya fito da nasa tsohon babur, wanda iri ɗaya ne da na surukin, sai dai ya girme shi nesa. Ya naɗe sifana biyu da sukundireba a ƙyalle ya soke a aljihu. Ya tarar an riga an gama lodi. Akwati cike, jaka a kan tanki an ɗaure ta da roba, ƙamshin burodi mai zafi ya cika layin. Surukin na ganinsa ya fara niyyar durƙusawa.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Wuce, ina bayanka."

Mai gidan burodi na tsaye a ƙofa, garin fulawa har gira. "Yau har da rakiya?"

"Har da ita," in ji Tukuna.

"To, Baba, ni ba ni da komai da shi, mutumin kirki ne. Amma mai shayin nan ya ce zai koma wani gidan, in ya koma ni ma na ji a jikina."

"Na ji," in ji Tukuna. "Yau zai isa."

Cikin gari babu abin da ya faru. Daga wannan shago zuwa wancan ɗan taƙi ne, a tsaya, a sauke, a gaisa, a wuce. Babur na tafiya kamar sabo. Tukuna na biye, idonsa a kan salansa, kunnensa a kan inji. Babu hayaƙi, babu tari. Ya lura surukin ya iya tuƙi, ba ya wahalar da giya, yana kauce wa rami saboda kayan da ya ɗauko. Abin ya yi masa daɗi, bai dai faɗa ba.

Da suka bar shagon ƙarshe suka hau doguwar hanyar da ta miƙe zuwa gada, surukin ya buɗe wuta. An yi tafiya mai ɗan nisa lafiya. Can sai muryar injin ta sirance. Ya yi in-ina, ya fizga, ya saki, ya sake fizga. Tukuna ya matso gefensa.

"Ja cok mu gani."

Ya ja. Cok iska yake ragewa don mai ya rinjaya, in babur ya farfaɗo da shi to yunwa ce ke damunsa. Ya kuwa farfaɗo, ya yi ɗan gaba, sannan ya mutu murus. Suka gangara gefen hanya. Tukuna ya gyaɗa kai. Ba wuta ba ce, mai ne ba ya isowa.

Surukin ya sauka ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Haka yake yi, Baba. In na jira kaɗan zai tashi."

"Kullum a nan?"

"Wajen nan. Wani lokaci gaba kaɗan."

"In kana dawowa fa?"

"Ba ya yi."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Tun yaushe ya fara?"

"Tun farkon zafin nan."

"Me ka canza a lokacin?"

"Babu komai."

Tukuna ya tsuguna. Ya kwance sukurun da ke gindin ƙoƙon kafireta, wanda in ƙoƙo cike yake mai zai tsiyayo. Ɗigo kaɗan ya fito. Ya zare tiyo, famfo a buɗe, ya ɗiga, ya ɗiga, ya tsaya. Wannan tiyon ne ranar nan ya zubo masa mai da ƙarfi a gareji. Ya kama kan babur ya girgiza, ya ji fetur na kaɗawa a tanki, cike yake. Mai na sama ya ƙi saukowa.

"Sauke jakar nan."

Surukin ya kwance roba ya ɗaga jaka. Ga murfin tanki, ga kuma farar leda ninki biyu ta leƙo ta ƙarƙashinsa ta zagaye shi kamar kwalar riga. Tukuna ya sa hannu ya murɗa murfin. Tanki ya ja dogon numfashi, fuuu, nan take fetur ya ɓalle ta tiyon da ke lilo, ya wanke masa wando da takalmi. Ya yi maza ya rufe famfo.

Ya ɗaga ledar da yatsa biyu. "Wannan fa?"

Surukin ya sunkuyar da kai. Tukuna ya yi shirun nan nasa, ya jira.

"Baba, murfin ne yake ɗan tsiyaya in na shiga rami. Wata mai shago ta ce burodin jaka yana warin fetur, ta mayar min da shi. Shi ne nake sa leda in zan ɗora kaya. Da ɗaya nake sawa, da warin bai daina ba na ninka."

"In ka gama rabo fa?"

"Sai in cire in yar, in sha mai, in wanke shi. Ai ba zan kawo maka babur da leda a baki ba, kamar wanda bai san inda zai je ba."

Tukuna ya ji dariya ta taso masa, ya bar ta ta fito kaɗan ta hanci.

"Ka taɓa huda gwangwanin madara wuri ɗaya?"

"Na taɓa."

"Yana zuba?"

"Sai an yi ta biyu."

"To haka tanki yake. Sai iska ta shiga ta sama mai ke sauka ta ƙasa. A murfin nan akwai 'yar huda, ita ce hancinsa. Ka toshe masa hanci ka ce ya yi gudu. Cikin gari kana tsayawa, yana satar numfashi kaɗan-kaɗan. A doguwar hanya babu hutu, sai ya riƙe man. Jiran da kake yi, iska ce kake jira."

"Laifina ne, Baba."

"Burodi ka tsare, ba ɓarna ka yi niyya ba. Ni kuma ban tambaye ka ba. Bar wannan, rana na tashi."

Rana kuwa ta fara leƙowa ta bayan gada. Saura matsala ɗaya. In an mayar da leda babur ya mutu, in an cire ta burodin jaka ya yi wari, ga hanyar gada duk rami. Tukuna ya mayar da tiyo, ya ɗaure sukuru, ya buɗe famfo. Sai ya juya ga nasa babur, ya cire murfin tankinsa, wanda robarsa ke da rai, ya ɗaura a na surukin. Ya zauna daram. Ya kama babur ya girgiza shi da ƙarfi, ya shafa gefen murfin da bayan hannu, a bushe. Tsohon murfin kuma ya ɗaura a nasa.

"Baba, naka fa? Zai tsiyaya maka."

"Ni ba burodi na ɗauko ba. Goge tankin da kyau, ka ɗora jakarka da kanka, hannuna duk fetur ne."

Surukin ya goge, ya ɗora, ya ɗaure. Tukuna ya sa shi ya dakata kaɗan ƙoƙo ya cika. Ya taka kik, inji ya yi tari ɗaya ya kama, murya cike.

"Buɗe masa wuta. Kada ka jira ni."

Surukin ya dubi hanya, ya dubi tsohon da wandonsa ke ɗiga. "In bar ka a nan, Baba?"

"Ka tafi, na ce. Ni na san hanya."

Ya tafi. Tukuna bai tada nasa ba tukuna, ya tsaya da kunne a buɗe. Ya ji giya ta shiga, ta sake shiga, ya ji inda hanya ta fara hawa, wurin da in akwai sauran yunwa dole ta nuna. Muryar ta hau gada a miƙe, ba ta karye ba, har ta ɓace. Sannan ya ninke ledar ya sa a aljihu, ya hau ya bi baya a hankali.

Ko da ya isa, tebur ya cika. Ma'aikata na zaune da kofuna, mai shayi na yanka burodi yana miƙawa hagu da dama, surukin na tsaye gefe da akwati a buɗe, babu komai a ciki. Mai shayi ya ɗaga wuƙa ya nuna Tukuna.

"Baba, kai ne mai gyaran? Zauna a haɗa maka."

"Wari nake, zan kore maka mutane."

"Ai tun kafin ka tsaya na ji. Zauna can ƙarshen benci, inda iska ke wucewa."

Ya zauna. Aka miƙo masa kofi da yankan burodi a takarda, don kada ya taɓa da hannu. Surukin ya koma can bayan babur ya tsaya, ba zai sha komai a gabansa ba. Mai shayi ya ɗauki burodi ɗaya daga na jaka, ya kai hanci, ya aje, ya yanka.

"Ni dai in gobe ma haka ne, ba ni da magana. Ba na son canza mutum, wannan bai taɓa kawo min kwantai ba."

"Gobe ma haka ne," in ji Tukuna. "Jibi ma."

Haka kuwa aka yi. Ƙara ba ta sake zuwa gidan burodi ba, layin ya zauna a hannun mai shi. Tukuna ya nemi sabuwar roba ya sa wa tsohon murfin, ya bar shi a nasa babur, ya ce ya yi masa. Wandon kuwa sai da matarsa ta jiƙa shi ya kwana a waje, tana faɗa tana dariya.

Bayan wani lokaci mai shayi ya ƙara yawan burodin da yake karɓa, har surukin ya koma yin sawu biyu, na biyun kuma ta gaban rumfar Tukuna yake bi. Wata safiya yana jera kayan aiki, mai faci na hura taya, sai ga babur ɗin ya taho da akwati cike. Bai kashe ba, bai rage wuta sosai ba. Ya danna ƙaho sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya wuce.

Mai faci ya saki famfo. "Ka gani? Ka gyara masa babur, yanzu ko sauka ba ya yi. 'Yan zamani ke nan."

Tukuna ya bi akwatin da kallo har ya sha kwana.

"Ƙyale shi," in ji shi. "Ana jiransa."